Tafki Ɗaya, Bakuna Dubu: Yadda Ake Kiwon Kifin Bas a Gonakin Amurka

Ranar 2 ga Yunin 1932, wani saurayi manomi mai suna George Perry ya shiga kwale-kwale a tafkin Montgomery da ke jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Ruwan sama ya jiƙa gona har ba ta huɗuwa, ga matsin tattalin arziki da ya addabi ƙasar a shekarun nan, saboda haka abin miya ya fita nema. Kifin da ya ci ƙugiyarsa a ranar ya haura kilo 10 da 'yan giram. Aka kai shi garin Helena aka ɗora a sikeli, aka rubuta nauyinsa, sannan aka wuce da shi gida aka soya, iyali suka cinye. Sai da aka yi shekara 77 kafin wani ya kamo irinsa da ya shiga kundin bajinta: Manabu Kurita, a tafkin Biwa na ƙasar Japan, cikin 2009. Shi ma kunnen doki aka ce sun yi, don abin da ya ɗara na Perry da shi bai kai yadda ƙa'idar kundin ta tanada ba.

Kifin nan shi ne bas mai babban baki, ɗan asalin koguna da tafkunan Arewacin Amurka. Launinsa kore-kore ne, da baƙin zane a gefe tun daga kai har wutsiya, ga baki da ke wucewa bayan ido idan ya rufe. Mafarauci ne, kuma a wurin masu fatsa na Amurka babu kifin ruwan daɗi da ya kai shi farin jini. Saboda shi ake ƙera kwale-kwale na musamman, ake shirya gasa ta maƙudan daloli ana nunawa a talabijin. Amma ɗimbin bas ɗin ƙasar ba a manyan tafkunan gasa suke ba. Suna cikin ƙananan tafkunan gona, masu faɗin eka ɗaya, biyu ko biyar, waɗanda aka haƙa don shayar da shanu da tare zaizayar ƙasa, musamman bayan farin da guguwar ƙura na shekarun 1930, lokacin da gwamnati ta riƙa tallafa wa manoma su gina su. Yau irin waɗannan tafkuna sun kai miliyoyi.

Duk mai tafki burinsa ya ga ƙaton bas a ruwansa. Abin da yawancinsu ke samu bayan 'yan shekaru kuwa daban ne: kana jefa ƙugiya kifi na ci, amma duk tsawonsu ɗaya, santimita 25 zuwa 30, ga ƙaton kai, ga siririn jiki, ciki a lotse. Mai tafki ya ce ai yara ne, a bar su su girma. Baɗi ya dawo ya tarar da su yadda ya bar su. Da yawansu ba yara ba ne; sun shekara huɗu ko biyar. Yunwa ce ta tsayar da su.

Abin da ke sa bas girma

Zafin jikin kifi na ruwan da yake ciki ne. Bas ya fi ci da girma idan ruwa ya kai wajen digiri 27 a ma'aunin Salshiyas. In ya sauko ƙasa da digiri 10, sai cinsa ya ragu ƙwarai, girma ya kusan tsayawa. Wannan ne ya sa taswira take da ta cewa. A jihohin kudu irin su Alabama, Jojiya da Tekzas, inda zafi ke daɗewa, ɗan bas da aka zuba a sabon tafki mai wadatar abinci yakan kai santimita 25 zuwa 30 a shekararsa ta farko, nauyinsa ya doshi rabin kilo. A arewa, wajen iyakar Kanada, inda ƙanƙara ke rufe ruwa watanni, sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya kai wannan tsawon. Sai dai na arewan sun fi tsawon rai, akan sami wanda ya haura shekara 15.

Akwai kuma batun jinsi. Mace ce ke zama ƙatuwa. Namiji da wuya ya wuce kilo biyu ko uku. Shi ne ke share gurbi a ƙasan ruwa idan bazara ta shigo, ruwa ya ɗumama zuwa digiri 16 ko 18, shi ne kuma ke tsaron ƙwai da 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe. Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai, babba kuwa har dubun-dubata. A riƙe wannan, domin nan matsalar take farowa.

Zafi da jinsi ba sa hannun mai tafki. Abinci ne ke hannunsa, kuma lissafinsa mai nauyi ne. Ƙiyasin da masana kiwon kifi suka saba bayarwa shi ne, bas yana bukatar kimanin kilo 10 na ƙananan kifaye kafin ya ƙara kilo ɗaya a jikinsa, ban da abin da zai ci don ya rayu kawai. Kuma ba kowane kifi ne abincinsa ba. Ba ya tauna, haɗiya yake yi, don haka dole abin ya shiga bakinsa. Idan kuma ya cika ƙanƙanta, ƙarfin da zai ɓata wajen kora ya fi abin da zai samu. Bas mai santimita 40 da ke bin 'yan jariran kifi masu tsawon farce wahalar banza yake sha. Tafki yana iya cika maƙil da kifi, amma babban bas yana ramewa a cikinsa, saboda babu abinci daidai bakinsa.

Mai nazarin ƙwari da ya koma kifi

Mutumin da ya fara mayar da wannan al'amari ilimi ba masanin kifi ba ne tun asali. Homer Swingle ƙwarin gona ya karanta, kuma a kan haka ya kama aiki a kwalejin da yau ake kira Jami'ar Auburn, a Alabama. A farkon shekarun 1930 shi da abokan aikinsa, cikinsu har da E. V. Smith, suka juya ga tambayar da ke damun talakan manomin kudu: ta yaya tafkin gona zai riƙa ba da kifin ci kowace shekara? Shawarwarin da ake bayarwa a lokacin yawanci ji-ta-ji-ta ne. Su kuwa sai suka haƙa tafkunan gwaji, suka zuba kifi iri-iri da adadi daban-daban, wani tafkin a sa masa taki, wani a ƙyale shi. In lokaci ya yi sai a zuƙe ruwan ƙaf, a tsince kifin ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga, a auna. Aiki ne na laka da haƙuri, an kuma yi shekaru ana maimaita shi.

Abu na farko da ya fito fili shi ne, kowace eka ta ruwa tana da iyakar nauyin kifin da za ta iya ɗauka, ko ka zuba ɗari ko ka zuba dubu goma. A ƙasa marar ƙarfi irin ta kudu maso gabas, tafkin da ba a sa wa taki yakan riƙe wajen kilo 45 a eka. Wanda ake sa wa yakan kai kilo 135 zuwa 180. Yawan kifin da ka zuba ba ya ƙara wannan nauyi, sai dai ya raba shi. Mu ɗauka kason bas a wani tafki kilo 35 ne. Yana iya zama kifi 100 masu giram 350 kowanne, yana iya zama 35 masu kilo guda-guda. Ruwan bai damu da wanda ka zaɓa ba.

Abu na biyu shi ne abokin zama. Bayan gwaje-gwaje da yawa, suka tsaya a kan wani ɗan kifi mai faɗin jiki kamar tafin hannu da ake kira bulugil. Yana cin ƙwari da tsutsotsin ruwa, yana haihuwa sau da yawa tun daga ƙarshen bazara har zafi ya wuce, shi kansa kuma yana da daɗin ci. Bulugil ya haifa, bas ya ci 'ya'yan, waɗanda suka tsira su sami wadatar abinci su girma, mutum kuma ya ci duka biyun. Ma'aunin da ya fito daga Auburn, wanda har yanzu ake bin sa da 'yan gyare-gyare, shi ne bulugil 1,000 da bas 100 a kowace eka idan ana sa taki, rabin haka idan ba a sa. Akan zuba bulugil da kaka, a jira su zauna su fara haihuwa, sannan a kawo 'ya'yan bas a watan Mayu ko Yuni na shekarar da ke biye.

A 1950 Swingle ya buga wani rahoto da ya zama ginshiƙin fannin, inda ya bayyana abin da ya kira daidaiton tafki. A wurinsa, tafki mai daidaito shi ne wanda ke ba da kifin da ya isa ci shekara bayan shekara. Ya sa wa abin lamba: idan aka raba nauyin kifayen da ake ci da nauyin masu cin su, abin da aka fi so shi ne ya faɗa tsakanin 3 da 6. Wato kowane kilo na bas ya kasance da kilo uku zuwa shida na abinci a tsaye cikin ruwa.

Yadda tausayi ya ɓata tafki

Daidaiton nan ba ya zama wuri ɗaya, kuma hanyar karkacewarsa biyu ce. A zamanin Swingle, wadda aka fi fama da ita ita ce ƙarancin bas. Mutane na kamun kifi ne don tukunya, bas kuma a sabon tafki wawa ne, duk abin da aka jefa masa sai ya kai baki. Cikin 'yan makonni da buɗe tafki sai a kwashe rabinsu ko fiye. Daga nan bulugil ya rasa mai rage shi, ya cika ruwa, ya tsumbure a tsawon santimita 8 zuwa 12: ya yi wa ƙaramin bas girma, ya yi wa mutum ƙanƙanta. Su kuma taron tsumburarrun sai su afka wa gurbin bas su cinye ƙwai, har haihuwarsa ta tsaya. 'Yan tsirarun bas da suka rage sukan yi ƙiba, amma babu na baya.

Sai al'ada ta juya. A 1968 Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas a Montgomery, babban birnin Alabama, kuma daga 1972 gasanninsa suka fara kiran a daina kashe kifin da aka kama, a auna shi a mayar da shi ruwa da rai. A manyan tafkunan jama'a, inda dubban masu fatsa ke zuwa, kiran ya yi amfani, ba a musun wannan. Amma ya shiga zukatan mutane har ya zama tamkar ibada. Aka wayi gari mai tafki yana jin kunyar a gan shi da bas a bokiti, yana kuma gargaɗin baƙinsa kada su fita da ko ɗaya.

A ganina nan ne aka yi kuskuren da ya fi kowanne yaɗuwa, domin dokar da ta dace da ruwa mai faɗin eka dubu goma ba ta dace da na eka biyu ba. A ƙaramin tafki bas yana haihuwa kowace shekara, babu wanda ke cin sa sai ɗan'uwansa da 'yan tsuntsaye. Kowace bazara ana ƙara ɗaruruwan bakuna. Sukan tare 'ya'yan bulugil tun suna ƙanana su cinye, ba a barin ko kaɗan su kai girman da babban bas ke bukata. Kowa ya ci ɗan abin da zai hana shi mutuwa, babu wanda ya ƙoshi. Manomin gero ya san wannan: tsiro goma a rami ɗaya ba sa ba da zangarniya, sai an cire wasu.

Karanta ruwa

Kifi ba shanu ba ne da za a tsaya a bakin garke a ƙirga, don haka aka nemo dabarun gane halin tafki ba tare da an zuƙe shi ba. Mafi sauƙi Swingle ne ya tsara ta: a ja ɗan taru mai ƙananan idanu, tsawonsa wajen mita huɗu da rabi, a gefen ruwa a farkon lokacin zafi, a duba abin da ya fito. In an ga 'ya'yan bas na bana, da sabbin ƙyanƙyasar bulugil, da matsakaitan bulugil daidai gwargwado, lafiya lau. In matsakaitan sun cika taru, babu ɗan bas ko ɗaya, bulugil ne ya yi rinjaye. In kuwa ga 'ya'yan bas, ga jariran bulugil, amma matsakaitan sun ɓace, to bas ya yi yawa.

A shekarun 1970 Richard Anderson, na jihar Mizuri, ya ƙaro ma'auni biyu da suka sauƙaƙa aikin. Ɗaya yana duba tsawo: cikin bas ɗin da suka kai santimita 20, kashi nawa ne suka kai 30? Kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari shi ne alamar daidaito. Ɗayan, wanda ya fitar tare da Gary Wege a 1978, yana gwada nauyin kifi da nauyin da ya kamata mai tsawonsa ya yi. Bas mai santimita 30 ya kamata ya kai wajen giram 400, mai santimita 40 kuma kilo ɗaya. In yawancin na tafkinka suna ƙasa da kashi 85 cikin ɗari na wannan, ba sai an kira masani ba. Abin bukata tef ɗin awo ne, da ɗan sikeli, da littafin da za a riƙa rubuta kowane kamu.

Masu hali sukan ɗauko kamfanonin da ke zuwa da kwale-kwale mai sakin lantarki a ruwa. Kifin ya suma na ɗan lokaci ya taso, a kwashe da koma, a auna, a mayar ko a cire. Shekarun kifi kuwa a ɓawon jikinsa ake karantawa, ko a wani ɗan ƙashi da ke cikin kunnensa, wanda ke ƙara layi ɗaya kowace shekara. Wannan ƙashin ne ke kashe gardama idan mai tafki ya dage cewa kifinsa yara ne.

Magani

Maganin farko ba ya cin ko kwabo: a cire bas. Shawarar da hukumomin kifi na jihohin kudu suka saba bayarwa ita ce a fitar da wajen kilo 10 zuwa 13 a kowace eka duk shekara daga tafkin da ake sa wa taki, kimanin rabin haka daga wanda ba a sa wa, a kuma fi mayar da hankali ga waɗanda ba su kai santimita 35 ba. Tafkin da ya riga ya cushe yana bukatar fiye da haka, shekara biyu ko uku a jere. A baki abin da sauƙi. A aikace, tafki mai eka biyar na nufin fitar da kifi fiye da ɗari a shekara, iyali ɗaya kuwa ba kasafai suke iya wannan ba, balle da yake bas ɗin da aka sha kamawa ana saki yakan koyi gudun ƙugiya.

Na biyu shi ne ƙara abinci, kuma daga ƙasa ake farawa. Taki yana haɓaka ƙananan tsirran da ke mayar da ruwa kore, ƙwari su ci su, bulugil ya ci ƙwarin. Ana gwada yawansu da faifai mai fari da baƙi da ake nutsarwa: in ya ɓace wa ido a zurfin santimita 45 zuwa 60, an dace. Inda ƙasa ke da tsami sai an fara zuba farar ƙasa, in ba haka ba takin asara ne. Amma taki alkawari ne, wanda ya fara ya daina ya tara bakunan da ba zai iya ciyarwa ba. In kuma ya yi yawa, tsirran nan sukan shanye iskar da ke cikin ruwa da dare, musamman bayan kwanakin hadari a tsakiyar zafi, gari ya waye manyan kifaye na yawo ciki sama. Su ne ke fara mutuwa. Wasu kan kafa na'urar da ke watsa wa bulugil abincin kanti a kan lokaci, domin kilo biyu na abincin, ko ƙasa da haka, yana zama kilo ɗaya na bulugil.

Ciyawar ruwa ma tana da nata hukuncin. Kaɗan tana da amfani, maɓoya ce ga ƙananan kifi. In ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na tafki, bas ba ya iya farauta, sai ka ga mafarauci da abin farauta duk sun tsumbure tare.

Abin da masu tafki suka fi son ji shi ne batun iri. Bas na jihar Fulorida ya fi na arewa girma, wannan gaskiya ne. Tekzas ta fara zuba shi a ruwayenta a farkon shekarun 1970, a 1986 kuma ta buɗe shirin ShareLunker, inda mai fatsar da ya kama bas mai kilo 5.9 ko fiye yake ba hukuma aronsa don a samu irinsa. Mafi girman da aka taɓa kamawa a jihar, mai kilo 8 da kwata, ya fito ne daga tafkin Fork a 1992. Sai dai irin Fulorida ba ya jure sanyin arewa, ya fi wuyar kamu, kuma in aka jefa shi cikin tafkin da ya cushe, ramewa zai yi tare da 'yan gida. Sayen iri mai tsada kafin a rage bakuna zubar da kuɗi ne.

A ƙarshe dai dole mai tafki ya zaɓa. Mai son ƙaton bas zai haƙura da yawan kamu, ya yini yana jiran cizo ɗaya. Mai son jikoki su zo su yi ta kamawa zai haƙura da girma. Akwai ma waɗanda ke barin bas ya cushe da gangan, domin a irin wannan tafki 'yan bulugil da suka tsere wa baki sukan zama manya-manya. Tafkin da bai kai eka ɗaya ba kuwa, masana da yawa ba sa ba da shawarar a sa masa bas da bulugil sam, saboda kama kifi goma kawai yana iya birkita shi. Gara a zuba tarwaɗar Amurka a riƙa ciyar da ita. In kuma abu ya lalace gaba ɗaya, misali maƙwabci ya juye bokitin wasu kifaye da ya kamo a kogi da sunan taimako, sai a zuƙe ruwan ko a sa maganin rotenon ya kashe komai, a faro daga tushe.

Ƙetaren teku

Farin jinin bas ya kai shi nesa da gida. An kai shi Japan a 1925, Afirka ta Kudu a 1928, tafkin Naibasha na Kenya a 1929. A wurare da yawa shi da danginsa sun yi wa kifayen asali ɓarna, har aka sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya illa a duniya, Japan kuma ta sa shi cikin dokar hana yaɗa irin waɗannan halittu a 2005. Babu dalilin da zai sa wani ya yi sha'awar kawo shi ruwayenmu.

Ilimin ne ya yi tafiya mai amfani. A 1970, shekara uku kafin rasuwar Swingle, Auburn ta buɗe cibiyar kiwon kifi ta ƙasa da ƙasa, ɗalibai daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka suka yi ta zuwa. Matsalar da yawancin 'yan Afirka suka je da ita ta karfasa ce, wadda ke fara haihuwa tun tana ƙarama, ta cika tafki da 'ya'yan da ba sa sayuwa a kasuwa. Karfasar nan yau ana sayar da ita a Tekzas a matsayin abincin bas: a zuba ta da bazara, ta yi ta haihuwa har kaka, sanyin hunturu ya zo ya kashe ta kafin ta zama matsala. A Kano ko Maraɗi sanyin ruwa ba ya kai haka, shi ya sa mai kiwon karfasa a nan yake neman 'ya'ya zalla maza, ko ya saka 'yan tarwaɗa kaɗan a tafkin su riƙa rage masa ƙyanƙyasa.